Malam-Buɗe-Littafi, Akuya da Itatuwan Gida a Ƙasar Safana da Batsari

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani kuka da masu lambun ƙofar gida suka daɗe suna yi. Mutum zai kashe kuɗinsa ya dasa tsirrai 'yan asalin ƙasarsa domin ya jawo malam-buɗe-littafi da tsuntsaye, sa'an nan da dare wata dabbar daji mai ƙaho mai rassa, wadda masu fassara kan ara mata sunan barewa, ta tsallako ta cinye su ƙarƙaf. Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da wannan dabba, har ana ƙiyasin ba ta wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar wajen miliyan 30, domin an kafa dokokin farauta, kuma manyan namun dajin da ke cin ta sun ƙare a yawancin jihohin ƙasar. Shingen da zai tsare ta sai ya kai ƙafa 8.

Mutumin Safana ko Batsari da ya ji wannan labari zai yi murmushi, don kuwa 'yan barewa da gada da suka saura a dajin Rugu ba su da ƙarfin halin leƙa lambun kowa. Amma in aka cire barewa aka sa akuya, kukan ya zama nasa. Duk shugaban makarantar da ya taɓa karɓar dashe daga malamin daji a watan Yuli, ya wayi gari a watan Maris ya tarar da tsinke, ya san zancen. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa itatuwan da malam-buɗe-littafi ke bukata a wannan yanki su ne waɗanda ake sharewa ana ƙonawa da sunan tsabta, kuma da yawa daga cikinsu sun riga sun san yadda za su zauna da akuya tun kafin a ƙirƙiro wayar shinge.

Suna ɗaya, iri ɗaruruwa

Malam-buɗe-littafi yana cikin sunayen nan da Hausa ke ginawa da sigar umurni, irin su faɗa-wuta, da fasa-ƙwari, da gama-faɗa. Wanda ya raɗa sunan ya zuba ido sosai, domin idan ƙwaron ya sauka yakan buɗe fukafukansa ya rufe kamar mai juya shafi. Sai dai sunan ɗaya ne tak aka ɗora wa halittu masu ɗimbin yawa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi a 2005 inda ya tattara kusan iri 1,500 a Afirka ta Yamma, fiye da 1,000 daga cikinsu ana samunsu a Nijeriya. Galibinsu na kurmin kudu ne. Rabon arewa kaɗan ne, amma masu juriyar rani ne ƙwarai.

Ta wajen tsirrai kuwa abin ya sha bamban. Sunayensu na Hausa sun yi yawan da likita J. M. Dalziel ya cika littafi guda da su tun a 1916. Dalili a fili yake: Bahaushe yakan bambance abin da yake ci, ko yake magani da shi, ko yake ba dabbarsa. To, sanin malam-buɗe-littafi kuwa a cikin sanin tsirrai yake, watau rabin ilmin yana hannun tsofaffin Runka da Ruma da Wagini tuntuni, ko da ba su taɓa kiran sa da wannan suna ba.

Rayuwar ƙwaron hawa huɗu ce. Macen takan saka ƙwai a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsar ta yi ta cin ganye har ta ƙoshi, sa'an nan ta rataye kanta ta ƙunshe cikin wani kwanso. Daga kwanson nan mai fukafukai ke fitowa. A lokacin zafi, wasu iri sukan gama wannan zagaye cikin wata guda. Babban yana shan zaƙin kusan kowane fure ya samu, amma tsutsar ba haka take ba. Kowace iri tana da dangin tsiron da take iya ci, in babu shi yunwa ta kashe ta ko da tana kwance a kan ɗanyen ganye. Saboda haka macen takan ɗanɗana ganye da ƙafafunta kafin ta saka ƙwai, in ba shi ba ne ta wuce. Wannan alaƙa ta tsutsa da icenta ba baƙuwa ba ce ga Hausawa: zaren nan na daji da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, tsamiya ake ce masa, sunan icen da tsutsar da ke saƙa shi take ci.

Wane ice, wane ƙwaro

Misalin da ya fi kowane fitowa sarari shi ne tumfafiya. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, mai baƙin gefe da ɗigon fari, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. A nan Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne. Tsutsarsa tana cin ganyen tumfafiya, ta adana dafin ƙaron nan fari a jikinta, dafin kuma ya bi ta har ta yi fukafukai. Tsuntsun da ya taɓa haɗiye ɗaya ya yi amai ba ya ƙarawa. Abin da ya sa ke nan yake tashi a hankali, ba gaggawa, kamar mai sarauta a kasuwar garinsu. Har akwai wani iri dabam, marar dafi ko kaɗan, wanda macensa ta ari kamannin wannan domin tsuntsaye su ƙyale ta. Ita tsutsarta fasa-ƙaba take ci a bakin juji. An sami hoton mai cin tumfafiyan nan a bangon kabarin wani ma'aikacin Masar mai suna Nebamun, wanda aka zana wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗan'uwansa na Amurka, wanda ke yin ƙaura zuwa duwatsun Meziko kowace shekara, shi ma dangin tumfafiya yake ci, kuma masu lambun can sun lura barewarsu ba ta son waɗannan tsirrai masu ƙaro.

Fararen nan masu jijiyoyi baƙi-baƙi da kan taso da yawa a wasu shekaru, duk sun fuskanci waje ɗaya, 'ya'yan anza ne da jiga da bagayi da haujeri. Waɗannan itatuwa huɗu dangi ɗaya ne a wurin masana, kuma su ne ke riƙe da babban kaso na malam-buɗe-littafin ƙasashen Sahel, har da ƙananan nan farare masu ja ko ruwan lemo a bakin fiffike. Wani fari mai ɗan kore-kore, wanda macensa kan zama rawaya, yana bin filasko da runhu da tafasa da rai-ɗore. 'Yan mitsi-mitsin shuɗɗa da ba a cika lura da su ba, wasu a magarya suke tashi, wasu a furen bagaruwa da sauran itatuwan ƙaya. Kai, har kaucin da ke maƙale a reshen ice yana da nasa.

A nan ya kamata a yi hattara da kalmar ɗan ƙasa. Masana tsirrai suna ganin tafasa da rai-ɗore daga nahiyar Amurka suka zo, lemo kuma daga Asiya. Amma da suka iso sun tarar da danginsu: tafasa ta tarar da filasko da runhu, lemo ya tarar da fasa-ƙwari. Don haka ƙwarin gida suka karɓe su, har babban baƙin nan mai zanen rawaya ya zama abin kukan masu renon lemo. Ma'aunin da ya dace ke nan: a tambaya ko tsutsar ƙasar tana iya cin icen.

Da wannan ma'auni bedi ya faɗi. Bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, wasu wuraren kuma dogon-yaro ko maina, daga Indiya asalinsa yake, kuma an kawo shi Barno a 1928. Ba wanda zai raina alherinsa. Shi ya ba garuruwan arewa inuwa, kuma yana cikin itatuwan da aka fi dogara da su a shirin dashen itatuwa na Katsina wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987. Amma a 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kome ta bar bedi, kuma a 1968 aka tace sinadarin da ke hana ƙwari cinsa. Icen da ake yin maganin ƙwari da shi ba zai zama gidan renon tsutsa ba. Harabar ofishin da aka jera wa bedi da turare, aka kewaye da furannin Turawa, aka share ƙasa ƙal, tana da kyaun gani, kuma malam-buɗe-littafi zai iya ratsawa ya sha fure. Amma baƙo ne a wurin. Ba zai haihu ba.

Kalandar akuya

Yanzu sai a juyo ga mai ɓarna. Abu na farko, babu amfanin zagin akuya. A ƙauyukan wannan yanki ita ce bankin mace: da ita ake yin suna, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya, ita ake kaiwa kasuwa ran da ciwo ya faɗo gida. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har Turai tun zamanin fatake. Duk shawarar da za ta ce a rage awaki domin ƙwaro ya sami ganye, ta mutu tun kafin a gama faɗarta, kuma ta cancanci mutuwar.

Abu na biyu, ɓarnar akuya tana da lokaci. Da damina dabbobi suna turke, al'ada da dokar mai gari sun tilasta haka saboda amfanin gona. Sai an kawar da gero da dawa da wake ake sakinsu. Ashe dashen da aka yi a Yuli ko Agusta yana cikin aminci wata huɗu ko biyar, daidai lokacin da manyan baƙi ke zuwa duba shi. Daga Disamba zuwa saukar ruwa shi ne kaɗai ɗanyen abu a fili, bazara kuwa ita ce mafi tsanani. Akuya ba kamar tunkiya ba ce mai sunkuyar da kai ga ciyawa. Ita ganyen sama take so, tana miƙewa a kan ƙafafun baya ta kai kusan tsayin mutum, kuma toho take fara cirewa, watau daidai inda icen ke girma.

Abu na uku ya shafi shekarun nan. An keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, kuma shekara da shekaru dajin ya ɗauke wa garuruwa nauyin dabbobi da na itacen girki. Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka tsananta a 2019 da 2020, irin wanda aka kai Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari a watan Fabrairu na 2020, sun kori mutane da yawa daga ƙauyukan bakin daji zuwa manyan garuruwa. Wanda ya tsira da 'yan awakinsa da su ya taho. Inda mutane da dabbobi suka taru a ƙaramin fili, gatari da haƙori sukan faɗa wa itatuwan kusa da gari.

Waɗanda akuya ta ƙi, da waɗanda take so

Idan aka dubi itatuwan da aka ambata ta fuskar akuya, za a ga ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka tsare kansu da ɗaci ko dafi. Tumfafiya ce shugabarsu. Akuya mai yunwa takan tsinci furenta da busasshen ganyenta, amma ba ta kashe ta. Anza tana nan kore shar a tsakiyar bazara alhali dabbobi suna wucewa ta gefenta. Tafasa da rai-ɗore, muddin suna ɗanye, dabba ba ta cika kula su ba. Waɗannan ba su bukatar shinge. Abin da suke bukata shi ne a gaya wa mai shara da mai feshin maganin ciyawa su bar musu kusurwa ɗaya. Wannan ya fi gina shinge wuya, domin a idon ma'aikaci tumfafiya alamar kufai ce, kuma mai duba makarantu zai iya rubuta ta cikin laifuffukan shugaba. Gargaɗi ɗaya dai wajibi ne inda akwai yara: ƙaron tumfafiya yana yi wa ido lahani ƙwarai.

Akwai kuma masu ƙaya, irin su magarya da bagaruwa da gawo. Akuya tana son ganyensu da 'ya'yansu, kuma ƙaya ba ta hana ta gaba ɗaya, sai dai ta rage mata sauri. Da zarar kansu ya wuce inda bakinta ke kaiwa, sun tsira, har ma ta zama mai yi musu hidima, don irin gawo da na bagaruwa ya fi saurin tsirowa bayan ya ratsa cikin dabba.

Masu wuyar su ne jiga da bagayi, waɗanda dabba ke ci kamar ta samu dusa. Su ne ke bukatar kariya ta shekara biyu ko uku, kuma a nan ake yawan kuskure. Akan yi keji siriri, icen ya fito da reshe ta gefe, akuya ta bi reshen ta ja. Keji sai ya yi faɗi kamar yadda ya yi tsawo. Darnin kara gara takan cinye shi kafin bazara, wayar ƙarfe kuma takan yi ƙafa da dare. Abin da ya fi daɗewa shi ne abin da manoman yankin suka sani tun kaka da kakanni: shingen aguwa ko na dashi, wanda ake yanko rassa a kafa a ƙarshen rani kafin ruwa ya sauka, a toshe ƙasansa da busasshiyar ƙayar magarya har ya kama. Aguwa ita ma mai ƙaro ce, dabba ba ta cin ta, ɓarawo kuma ba shi da abin yi da ita.

Darasin Maraɗi

Akwai hanyar da ta fi dashe sauƙi, kuma ba daga nesa ta zo ba, daga ƙetaren iyakar Jibiya ne. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha ganin dashensa na mutuwa a jihar Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara a gonaki toho ne na kututturan manyan itatuwa waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a datse sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, reshen yakan yi tsawon da dashe ba zai yi ba, ya wuce bakin akuya da wuri. Manoman can suna kiran wannan sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya Nijar ta farfaɗo da wajen kadada miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, kuma a 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a Suwidin tare da manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Ga mai son lambu a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a bayan ajin makaranta, ma'anar wannan ita ce ya zagaya filin tukuna kafin ya aika neman dashe. Sau da yawa kututturen sabara, ko kalgo, ko magarya, ko anza yana nan a gindin katanga. Ga anza musamman wannan ya fi, domin tana da jinkirin girma, irinta kuma ba ya ajiyuwa, sai a shuka shi yana sabo a farkon damina lokacin da 'ya'yan suka nuna.

Ko abin ya cancanci wahala?

Mai sauraro yana da haƙƙin ya tambaya: a ƙasar da ake fama da tsaro da tsadar hatsi, ina ruwan wani da ƙwaro mai ado? Bai kamata a zuzuta amfaninsa ba. Wajen haɗa auren fure, ƙudan zuma ta fi shi aiki nesa ba kusa ba. Amma tsutsa ita ce abincin da yawancin ƙananan tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu, tsuntsayen nan kuwa su ke rage ƙwarin gona. Haka nan kuma icen da ke renon malam-buɗe-littafi shi ne na ranar wuya. A yunwar 1973, da ta 1984, da wadda ta sami Nijar a 2005, mutane da yawa a Sahel sun rayu da 'ya'yan anza, waɗanda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ganyen jiga da na tafasa abin kwaɗo ne. Yaron da ya gama sakandare bai san anza a tsaye ba ya yi asarar kalma, ya kuma yi asarar wani abin da ya fi kalma tsada.

Wani abin mamaki kuma, wannan yanki zango ne a kan wata doguwar hanya. Akwai wani iri mai suna Vanessa cardui da ke barin Turai da kaka, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya sauka a ƙasashen da ke kudu da hamada daidai ƙarshen damina ya hayayyafa, zuriyarsa kuma ta koma arewa. Masana biyu daga Barsalona, Gerard Talavera da Roger Vila, su suka tabbatar da saukarsa da hayayyafarsa a kudu da hamada a 2016, kuma ana ƙiyasin zagayen ya kai kilomita 12,000 ko fiye. Ciyayin bakin gona da ake feshewa a watan Satumba suna cikin abin da wannan matafiyi ke sauka a kai.

Saura ƙorafin manomi, wanda ke ganin kowace tsutsa abokiyar gaba ce. Yana da hujja, amma ya kamata a rarrabe masa. Tsutsar da ta addabi masara tun da aka fara ganin ta a Nijeriya a 2016, da mai huda zangarniyar gero, da babbar mai ɓata furen wake, duk 'ya'yan faɗa-wuta ne masu tashi da dare. A cikin masu tashi da rana akwai 'yan kaɗan masu taɓa amfani, kamar na lemo da wani ƙaramin shuɗi mai shiga kwanson wake. Amma wadda ke kan tumfafiya ba za ta sauko ta ci gero ba ko da za ta mutu, haka ma ta anza. Saboda haka idan mai gadin makaranta ya ga tsutsotsi sun mayar da anza tsinke a mako guda, kada ya ɗauko abin feshi. Icen ya saba da wannan, zai sake toho. Abin da ya rage masa shi ne ya bar wani wuri mai laima kusa da rijiya ko famfo, domin mazan sukan taru a jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman inda dabbobi suka yi fitsari, su tsotsi gishirin da ba su samu a fure.